Barka da Sallah daga Jidda, da amsar tambayar Auta

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun yi Sallah lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mu nan hantsi bai yi ba muka sauko daga Idi, sannan muka taru gidan wani ɗan Damagaram, iyalinsa suka yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Goron Sallah na aika ta hannun Yaya, a tabbatar yara sun samu nasu.

Ku yi mini haƙuri, sauran takardar ta Auta ce. Tun cikin azumi yake tambayata wa ya ci gasar tseren motocin nan ta Formula 1 a 2021, shekarar da aka fara kawo ta garin nan, kuma amsar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Auta, mutum biyu ne suka riƙe shekarar. Akwai Lewis Hamilton ɗan Ingila mai jan Mercedes a lokacin, baƙar fata na farko a wannan tsere, wanda ya riga ya ci kambu 7 daidai da Michael Schumacher. Sai Max Verstappen ɗan Holan mai jan Red Bull, yaro ɗan shekara 24 da ba ya ɗaga ƙafa wa kowa. A Silverstone ta Ingila suka gogi juna har aka kai Verstappen asibiti. A Monza ta Italiya motarsa ta haye kan ta Hamilton, ƙarfen da ke kare kan direba ne ya tare tayar. A Barazil aka mayar da Hamilton can baya saboda hukunci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ci.

Nan Jidda aka yi na kusa da ƙarshe, ran 5 ga Disamba da dare, a bakin teku. Hanyar kilomita 6 ce da ɗoriya, kwana, wato lanƙwasa, har 27, katanga dama da hagu. A makon ina jigilar ma'aikata zuwa wurin, kuma abin da ya tsaya mini a rai tayoyi ne. Na ga an jera su an lulluɓe kowace da bargo mai lantarki don kada ta huce, domin taya mai sanyi ba ta kama kwalta. Kai da kake koyon kanikanci, ka san cewa mutum kusan ashirin ke rufar mota guda su canja taya huɗu cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Daren nan sau biyu ana ɗaga jar tuta a tsayar da tseren, Hamilton da Verstappen suka sake karo, Hamilton ya ci da fiffiken gaba a fashe. Aka tashi kowannensu yana da maki 369.5.

Bayan mako guda aka je Abu Dabi, zagaye 58. Hamilton ya ja gaba, ya ba da rata mai yawa, mu da ke kallo a shagon shayi har mun fara yi wa juna murna. Saura zagaye biyar sai wani direba, Nicholas Latifi, ya daki katanga. Aka fito da motar da ke shiga gaba ta rage musu gudu, ratar ta tafi. Verstappen ya shiga ya sa sababbin tayoyi masu laushi, Hamilton ya zauna da tsofaffi, don in ya shiga zai rasa wurinsa. A ƙa'ida motocin da aka yi wa zagaye su wuce, sannan a ƙara zagaye ɗaya kafin a saki tsere, wanda da an bi haka da an gama ke nan. Amma shugaban tseren, Michael Masi, ya ce biyar ɗin da ke tsakanin Hamilton da Verstappen kawai su wuce, ya kuma saki tseren nan take. Zagaye ɗaya ya rage, sabuwar taya da tsohuwa. A kwana ta biyar Verstappen ya wuce.

To ga amsarka: Verstappen ne zakara, da maki 395.5, Hamilton 387.5, Mercedes kuma ta ɗauki kambun kamfanoni karo na 8 a jere. Ba na ƙwace wa yaron haƙƙinsa, tsere 10 ya ci cikin 22, Hamilton 8. Sai dai ranar an yi wa Hamilton rashin adalci, kuma har yau abin yana ci mini rai. Hukumar FIA mai kula da tseren ta cire Masi a Fabrairun 2022, daga baya ta ce kuskuren ɗan Adam ne, sakamako dai bai canja ba. Duk da haka Hamilton ya fito daga mota ya je ya miƙa wa Verstappen hannu, mahaifinsa ma ya je ya taya su murna. Baba, da kun gani da kun yaba tarbiyyar gidan.

Auta, ka riƙe garejin nan da kyau, kada ka yi wasa da maigidanka. Na saya maka akwatin sifana, zan ba wani alhajin unguwarmu in ya gama Umara ya taho da shi. Inna, a gaida Gwaggo da jiki, a faɗa mini ko maganin ya ƙare.

Naku ɗa,
daga Jidda