Barka da Sallah daga Landan

Landan, 10 ga Zulhajji 1446

Assalamu alaikum Baba, Yaya Babba da duk mutanen gida. Barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Auta, ki karanta wa Baba wannan bayan la'asar in gida ya lafa, kuma ki ɗaga murya.

Mun yi Idi lafiya a babban masallacin Whitechapel. Jam'i bayan jam'i ake yi saboda yawan mutane, ana sallamewa masu gadi suna cewa a ba na baya wuri. Kana fitowa titi kuwa babu alamar Sallah, domin a Ingila ba ranar hutu ba ce. Baban yara daga masallaci ya wuce wurin aiki da babbar rigarsa a jaka, yaran ma sai da na nema musu izini a makaranta. A wannan watan agogonmu da naku ɗaya ne, amma mu sai bayan ƙarfe 9 na dare rana take faɗuwa, yini ya yi ta ja ba ya ƙarewa.

Layya kuma doka ta hana yanka a gida. Kuɗi muke ba mahauci, a yanka a mayanka, daga baya mu karɓo nama a leda, an riga an daddatsa. Ba kai, ba ƙafa, ba hayaƙin babbaka, ba hantar da Baba yake fara buɗe baki da ita in an sauko. Yaran nan ba su taɓa jan rago da igiya ba.

Amma abin da ya tsaya min a rai yau shi ne dambun naman Inna. Kun san sai kwana na uku take yinsa, bayan an gama rabo an gama suya. Cinya take warewa tun ranar yanka, ba mai taɓawa. Ta dafa da albasa da citta da kanumfari da masoro har ruwan ya tsotse, sannan a juye a tsohon turmin nan mai tsagewa a baki, mu 'yan mata mu yi ta daka tana tsaye a kanmu. Wurin suya ne ba ta yarda da kowa ba. Wuta kaɗan, man gyaɗa kaɗan, ta zauna kan kujerar tsugunno da zanenta a kafaɗa saboda sanyin Jos, tana juyawa har magariba. Ta murza tsakanin yatsu biyu, in bai yi mata ba ta ci gaba. Sai ta zuba a gwangwanayen madara, kowa da nasa, na 'yan makarantar kwana ya fi cika. Na gwada a nan da injin markaɗe, ga kayan yajin duka na samo a unguwar Peckham, ya fito da laushi amma ba shi ba ne. Ko kun yi ma ba dama ku aiko, ba a barin nama ya shigo ƙasar nan daga Najeriya. Gwaggo, ke kaɗai kika rage da kika san hannunta. Don Allah ki zaunar da Auta da matan gidan jibi ki nuna musu, a ɗauka min a waya.

Wannan ce Sallar farko da babu Inna. Ranar da ta rasu, kafin in gama neman tikiti an riga an kai ta makwancinta. Na san haka addini ya ce, ban ja ba, amma har yau in wayata ta yi ƙara da asuba gabana faɗuwa yake yi. Ku kuna ganin ɗakinta a rufe kullum, kun fara sabawa. Ni daga nan gani nake tana can, kawai dai ban kira ba ne. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makoma.

Yaya, roƙona ɗaya ne. Kada rabon namanta ya tsaya. Ka san bayan rikicin 2001 maƙwabta da yawa sun tashi, wasu kuma bayan na 2008, gari ya rabu kowa ya koma cikin nasa. Inna ba ta taɓa daina aika wa tsohuwar maƙwabciyarmu da ta koma Tudun Wada kasonta ba, ita ma duk Kirsimeti sai shinkafarta ta iso. Tare suka yi asarar rumfunansu a gobarar kasuwar Taminus a 2002, tare suka koma kasa kaya a bakin titi. Ko a Keke Napep ne a kai mata, a ce daga gidan Inna. Haka mai ɗinkin bakin masallaci, da matar nan mai marayu ta bayan layi.

Ni lafiyata ƙalau, kada Baba ya damu. Sai dai yanzu ba na karanta Alƙur'ani sai da tabarau, furfura ta fito min a gaba daidai inda ta Inna take, gwiwa kuma ta fara magana in na hau bene. Jiya babbar 'yata ta tambaye ni me ake sawa a miyar taushe, na buɗe baki in ce bari mu tambayi Inna. Ashe yanzu mu ake tambaya. Hausarsu tana nan da ɗan dama, suna ji sarai, amsawa ce sai an matsa.

An ce damina ta zauna sosai a wurinku. Yanzu kasuwar Farin Gada ta cika da kabeji da karas, sabon dankali ma ya kusa. A duba rufin ɗakin Baba, bara yana yoyo ta kusurwar taga.

A gaishe min da Baba da kyau, a ce ya riƙa shan maganin hawan jininsa, kuma a rage masa naman nan komai ya ce. Ina gaida Yaya Babba da iyalinsa, da Kawu, da mutanen Bukuru, da na Abuja in sun samu zuwa. Gwaggo kuwa gaisuwarta daban ce: ita ta yi jinya, ita ta yi wanka, ita ta riƙe gidan da kowa ya rasa abin yi, ba mu da abin biyanta sai addu'a. Na sa wani abu a hannun Yaya na zanenta da goronta. Takwarar Inna, an ce kin fara tafiya har kina bin rago, a yi mata lalle a turo min hoton ƙafafun. Auta, ki ci jarabawarki, ki bar kuka a ɓoye, ki kira ni ko tsakar dare ne. Goron Sallar yara yana cikin abin da na turo, a raba har da almajiran gidan. Wanda ban ambata ba ya yafe ni, yana raina.

Baban yara da yara suna gaishe ku. Muna sa ran zuwa hutun Disamba in Allah Ya yarda, a kai ni in ziyarci kabarin Inna.

Wassalam,
'Yarku ta Landan