A tare kisan ƙare dangi tun yana bakin magana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka don mu yi magana kan yadda ake hana kisan ƙare dangi, saboda yawancinmu muna ɗauka cewa aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ne. Yarjejeniyar hana wannan laifi tana nan tun 9 ga Disamba 1948, amma ba ta ceci Tutsi a Ruwanda ba, inda aka kashe kusan mutum 800,000 cikin kwana ɗari a 1994. Ba don rashin labari ba ne. Ranar 11 ga Janairu, wata uku kafin a fara, Janar Roméo Dallaire, kwamandan sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar a Ruwanda, ya aika wa hedikwatar Majalisar cewa ana ɓoye makamai, ana kuma rubuta sunayen Tutsi a Kigali. Aka hana shi kai samame. Da kisan ya kankama, sai Kwamitin Sulhu ya rage sojojinsa daga wajen 2,500 zuwa 270.

Abin da ya kamata mutanen Damagaram su riƙe daga Ruwanda shi ne labarin jihar Butare. Gwamnanta, Jean-Baptiste Habyalimana, ya ƙi ba da hannu, kuma kusan mako biyu jihar ta tsira alhali sauran ƙasar na ci da wuta. Sai da aka tsige shi sannan aka iya yin kisan a can. Masu shirya irin wannan ta'asa ba sa iya komai sai da mai gari, da mai unguwa, da wanda ya san gidan kowa. Wannan ne ya sa mutum na farko da kotun duniya ta Arusha, mai shari'ar kisan Ruwanda, ta samu da laifin kisan ƙare dangi, a 1998, magajin gari ne, Jean-Paul Akayesu na Taba.

Alamomin kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Magana ce ke fara lalacewa. Gidan rediyon RTLM ya yi watanni yana kiran Tutsi kyankyasai kafin a zaro adda, daga baya ya koma karanta sunayen mutane da inda suka ɓuya. Yau saƙon murya na WhatsApp ke yin wannan aiki, kuma ya fi rediyo haɗari, don ba a san wanda ya fara shi ba. Duk ranar da aka daina cewa "wane ya yi ɓarna" aka koma cewa "ai su haka suke", to an taka mataki na farko. Aya ta 102 ta kundin hukunta laifuffukan Nijar ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga mai yaɗa wariyar ƙabila ko ɓangaranci. Dokar tana nan, amfani da ita ne ke zuwa a makare.

Sai kuma 'yan banga na ƙabila ɗaya. Muna fahimtar abin da ke sa ƙauye ya ɗauki bindiga idan jandarma na nesa, amma ƙungiyar da kowa a cikinta dangi ɗaya ne ba ta daɗewa tana farautar ɓarawo, sai ta koma farautar danginsa. A Ogosagu ta ƙasar Mali, ranar 23 ga Maris 2019, an kashe Fulani kusan 160 a safiya guda. Idan har dole ne a yi sintiri, to a gauraya manoma da makiyaya, sunayensu na hannun hukuma, kuma wanda aka kama a miƙa shi ga jandarma ran nan, ba duka ba tara.

A wajenmu, inda wuta ta fi saurin kamawa shi ne kaka. Ba mu manta da Toda ta jihar Maraɗi ba, inda rikicin gona da dabba a watan Oktoba 1991 ya ci ran fiye da mutum ɗari, akasari mata da yara. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, amma kwamitin da ba shi da babur ko kuɗin mai ba ya isa gona kafin masu gora su isa. Ranar sakin gonaki a sanar da ita da wuri, da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, a rediyon karkara da ranar kasuwa, kada makiyayin da ya taso daga Tanut ko Belbeji ya ji ta a bakin mai gona. Burtali da mashaya a zagaya su tun kafin shuka, don wanda aka nome da damina ba ya buɗuwa da kaka sai da faɗa. In an yi ɓarna, a je a ƙiyasta ta cikin kwana ɗaya ko biyu, gaban mai gari da ruga, wato shugaban makiyaya, tun sawun dabba bai ɓace ba. Abin da ya fi ɓata sulhu shi ne tarar da ake yankewa ba a ga gonar ba, kuɗin kuma ba su kai hannun mai ita ba.

Mu a Zinder mun ga yadda ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 zanga-zanga ta rikiɗe cikin 'yan sa'o'i, aka ƙone majami'u, aka rasa rayuka. Ranar da abu ya tashi ba ranar neman lambar waya ba ce. Muna roƙon fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da ofishin gwamna su sa kowace unguwa, daga Birni zuwa Zango da Kara-Kara, ta ware mutum huɗu ko biyar, har da limami da fasto da mace da shugaban fadar samari, waɗanda ke da lambar kwamishinan 'yan sanda. Aikinsu shi ne in jita-jita ta fito su je su gani da ido, su mayar da amsa da muryarsu a zaurukan da ta bi, kafin a fito sallar da ke tafe. A ƙauyuka kuma a yi wannan zama kafin a fara yankan hatsi na bana.

Wassalam.

Wasu masu aikin sasanta manoma da makiyaya,
Zinder