Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban NACDA, Ƙungiyar Daraktocin Wasannin Jami'o'in Amurka, Kan Lissafin Kofin Daraktoci

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai bibiyar wasannin jami'o'in Amurka ne daga nesa, kuma yaranmu 'yan Najeriya da ke zuwa can karatu suna gudu su ne suka ja ni ciki. Na ga Tobi Amusan ta ci wa jami'ar Texas ta El Paso tseren tsallake shinge a gasar jami'o'i ta ƙasa a 2017, na ga Divine Oduduru ya lashe mita 100 da mita 200 a 2019, shekarar da jami'arsa Texas Tech ta ɗauki kofin maza na guje-guje da tsalle-tsalle. To amma duk lokacin da kuka fitar da jadawalin Kofin Daraktoci, wanda ake cewa shi ke nuna jami'ar da ta fi kowa a fagen wasanni, sai in ga sunayen da na saba gani a sama, jiya i yau.

Tun da aka fara a kakar 1993 zuwa 1994, jami'o'i uku kaɗai suka taɓa ɗaukarsa a rukunin farko, wato na manyan jami'o'i. North Carolina ta ci na farko, Stanford ta riƙe shi sau 25 a jere, sai a 2021 jami'ar Texas ta Austin ta ƙwace. Ban ce Stanford ba ta iya ba. Ta iya ƙwarai. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne mudun da kuke awo da shi.

Dokarku ta ce a ƙirga wasanni 19, wasu na dole kamar ƙwallon kwando na maza da na mata, sauran kuwa a zaɓi waɗanda makaranta ta fi samun maki. Stanford na da ƙungiyoyi 36. Idan ta faɗi a goma, sai ta watsar da su ta ɗebi masu kyau. Makarantar da ke da 16, wato iyakar abin da ake buƙata daga makarantun da ke buga babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), ko guraben ma ba za ta cike ba. An ba wani kwandon mangwaro ya tsince nunannu, an miƙa wa wani 'yan ƙwayoyi a hannu, sannan a ce a zo a gwada na wa ya fi zaƙi.

Ga kuma batun maki 100 da ake ba kowane zakara. A ƙwallon kwandon maza, makarantu fiye da 350 ne ke neman shiga cikin 68 da za su buga gasar watan Maris. A wasan alkafura na maza kuwa, makarantun da ke da ƙungiya ba su kai 20 ba, kuma Stanford ta sha ɗaukar wannan kofi. Wanda ya kayar da ɗaruruwa da wanda ya kayar da 'yan tsiraru, ladansu ɗaya a littafinku. Irin waɗannan wasanni ma sai mai kuɗin gina zaure da ɗaukar masu horarwa ke iya shigarsu.

Na san abin da za ku ce, kuma akwai gaskiya a ciki: da ba don wannan daidaito ba, ƙananan wasanni sun mutu. Ita kanta Stanford a 2020 ta ce za ta rufe ƙungiyoyi 11, sai da aka yi mata ca ta janye a 2021. Shi ya sa ba na roƙon ku bi sawun kofin Capital One, wanda ke fifita wasannin da suka fi jan 'yan kallo. Ɗan ninkaya ma da asuba yake tashi.

Roƙona, Yallaɓai, shi ne makin ya riƙa duba yawan makarantun da ke fafatawa a wasa. In hakan ya yi nauyi, ku bar jadawalin yadda yake, ku ƙara wani a gefensa da zai raba maki da yawan ƙungiyoyin kowace makaranta. Alƙaluman suna hannunku. Yarinyar da ke zaɓen makaranta daga Kaduna ko Jos tana duba waɗannan jadawalai, kuma ya kamata ta gane wace ce ta fi ƙwarewa, wace ce kawai ta fi yawa.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai son wasanni