Hanjin Mahaifina Ya Huje, Ana Ɗora Mini Laifi

Assalamu alaikum Likita,

Ina rubuto maka ne daga bakin gadon mahaifina, mai shekara 72, wanda aka yi wa tiyata makonni uku da suka wuce bayan hanjinsa ya huje. Da farko likitoci sun yi zaton taifot ce, tunda ita aka saba gani tana huda hanji a wajenmu, sai da aka auna yankin da aka yanke sannan aka ce cutar Crohn ce, wato kumburin hanji mai daɗewa da garkuwar jiki ke da hannu a cikinsa.

Baba ya fi shekara shida yana fama da gudawa, wani lokaci har da jini, kullum yana ramewa. Matarsa, wadda ba ita ta haife mu ba, ta dage cewa basir ne, daga jiƙo sai sassaƙe, kuma duk wanda ya ambaci asibiti sai ta ce yana yi wa mijinta mugun fata. Ni aure ya kai ni wani gari, amma duk wata sai na zo da abin da ya sawwaƙa, alhali Yayana da ke gida ɗaya da su bai taɓa sayen ko da farasitamol ba.

Ba zan ɓoye ba, ni na riƙa saya masa diclofenac saboda ciwon gwiwa, ni kuma na ƙara masa prednisolone da mai kemis ya ce zai buɗe masa ci, kuma ya buɗe. Yanzu likitoci sun ce na farkon yana tsananta gyambon hanji, na biyun kuma yana ɓoye zazzaɓi da zafin ciki, musamman ga tsofaffi. Amma kwana biyu cikinsa yana kumbure, ya ƙage kamar katako, matar nan tana dama masa kanwa, ba wanda ya kira ni. Duk da haka, a gaban 'yan dubiya Yayana ya ce ni na huda wa Baba hanji.

An fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa, an manna masa jakar da bayan gida ke taruwa a ciki. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kiran sallah a unguwarmu yanzu ya ce ba shi da tsarki, ya daina alwala, kuma yana ƙin abinci don kada jakar ta cika.

Likita, shin a shekarunsa za a iya mayar da hanjin ciki? Shin maganin da na ba shi ne ya jawo wannan, ko kwana biyun da suka ɓata? Baba bai san abin da likitoci suka faɗa ba, har yanzu ni kaɗai yake yarda in sauya masa jakar. In gaya masa da bakina, ko in jira matarsa ta riga ni?

Wassalam,
'Yarka mai sauraro daga Katsina