Sanarwa kan saitin RADIUS a kwantirola

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Masu haɗa Wi-Fi na ofis da WPA2-Enterprise (tsarin tsaron da ake tantance kowane mai shiga da shaidarsa ta kansa), a kula. A kwantirola, wato abin da ke sarrafa na'urorin Wi-Fi, ku sa adireshin IP na sabar RADIUS (kwamfutar da ke tantance masu shiga), tashar sadarwa (port) 1812 don tantancewa, 1813 don lissafin shiga da fita. Kalmar sirrin da ke tsakanin kwantirola da sabar ta zama ɗaya, harafi da harafi. In ta saɓa, sabar shiru take yi, a yi ta zargin kebul a banza.

Inda aka fi tuntuɓe: a kayan Cisco galibi kwantirola ce ke magana da sabar, amma a kayan UniFi kowace na'urar Wi-Fi da kanta take aika buƙata, don haka ku yi wa dukkansu rajista a sabar. Ku duba agogon na'urorin ma, in ya kauce sosai, satifiket (takardar shaidar dijital ta sabar) ba zai karɓu ba.