Godiya ga Masu Rewayar Panteka da Suka Dawo da Wutar Ford ɗin Kakanmu

Zuwa ga Maigidan gareji da yaransa masu rewaya, Panteka, Kaduna.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Maigida, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda aikin da kuka yi wa motar gidanmu ya wuce "sannu da aiki" ta fatar baki. Ford ce, Model A, ƙirar 1930, wadda kakanmu ya saya hannu na biyu zamanin yana harkar gyaɗa. Bakanike ya riga ya gama da injinta, wuta ce ta gagara. Duk wanda na tuntuɓa shawara ɗaya yake ba ni: a tsige wayoyin duka, a cire dainamo a sa altanata, a mayar da ita bolt 12 kamar motocin yanzu. Da an yi haka za ta tashi, amma ba motar kakanmu za a miƙo mini ba. Kai ne ka fara tambayata: "Alhaji, tafiya kawai kake so ta yi, ko so kake ta koma yadda ta fito?"

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne ba ku kwance ko noti ɗaya ba sai da kuka san da wace mota kuke magana. Lambar injin ta fara da CA, sukurorin bodinta kuma masu rami ne mai kusurwa huɗu, irin na Robertson. Waɗannan biyun suka nuna cewa daga masana'antar Ford ta Kanada ta fito, wadda ke aika motoci zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka, da sitiyari a dama, tunda mu ma nan hannun hagu muke bi har zuwa 1972. Daga nan kuka shimfiɗa buhu, kuka ware kayan gida biyu. Dainamo, katawut ɗin da ke bisansa (mai hana wutar batir komawa cikin dainamo), agogon caji, distiribita, hon da ɗan akwatin haɗa wayoyi na bayan injin, duk na asali ne. Kwail kuwa na wata mota ce mai bolt 12, makunnin ma na babbar mota ne da aka soke a dashbod, ga wayoyin roba birjik da aka ɗaɗɗaura a kan na asali masu rigar zare.

Sai batun kan batir, wanda a nan ne aka fi yi wa tsofaffin motoci ɓarna. Model A bolt 6 take amfani da shi, kuma kan mai alamar + shi ake ɗaurawa a shasi, akasin abin da hannun kowane mai rewaya ya saba. Wani ya taɓa juya shi a baya, shi ya sa allurar agogon caji take karkata ta inda bai dace ba. Kun mayar da shi daidai, kuka sake saita maganaɗisun dainamo ya bi sabon ɗaurin. Kuka kuma nuna mini cewa jan ƙafar da sitata ke yi ba laifinta ba ne. Siriruwar wayar batir ta zamani aka sa mata, alhali bolt 6 kakkaurar waya yake so, domin wutar da ke bi ta ciki ta fi yawa. Ana canza wayar, sitatar da wasu suka ce ta mutu ta juya injin.

Dainamon shi ya fi cin lokacinku, kuma a kansa na fi ganin gwaninta. Amacharsa, wato naɗin wayar da ke juyawa a cikinsa, ta ƙone. Maimakon a nemo wani a ɗora, babban yaronka ya warware tsohuwar wayar jan ƙarfen yana ƙirga zagaye, ya rubuta a kwali, ya sake naɗa sabuwa mai kauri ɗaya da hannu, aka shafe ta da banish aka gasa. Irin wannan dainamo ba shi da abin da ke daidaita caji da kansa. Burushi na uku ne a ciki, wanda ake matsarwa gaba ko baya don a ƙara caji ko a rage. Idan ya yi yawa ruwan batir ya ƙafe, idan ya yi kaɗan fitilu su cinye batir da dare. Kun tsayar da shi wajen amfiya 10, ka kuma ba ni shawarar in riƙa kunna fitila a doguwar tafiyar rana don kada batir ya sha caji fiye da kima. Yaron da bai kai shekara ashirin ba yana yi mini bayanin wannan kamar mai biya karatun allo, a raina na ce lallai an koyar da shi da kyau.

Makunnin asali na same shi cikin akwatin ƙarfen kakanmu, ban ma san na motar ba ne sai da ka gani. Shi ne mai tasowa waje idan an murɗa makulli, da wayarsa mai sulken ƙarfe da ke tafiya har cikin distiribita, dabarar hana ɓarayi haɗa waya. Kun buɗe shi, kun wanke tsatsar, kun mayar da shi gurbinsa. Bakin kwantak ɗin cikin distiribita kuka saita tsakanin 0.018 da 0.022 na inci, bakin filogi 0.035, kuka sa sabuwar kondansa. Hon kuwa ashe ɗan moto ne a cikinsa mai juya faifai mai haƙora, wanki da ɗigon mai kawai yake nema, sai ga muryarsa ta tara mana rabin layin.

Wuri ɗaya kuka kauce wa yadda Ford ta ƙera ta, shi ma sai da kuka nemi izinina. Motar ba ta zo da fiyus ba, ga tankin mai a gaban direba daf da wayoyin dashbod. Ka ce ba za ka bar ni in ɗauki jikoki a ciki haka ba, kuka sa ɗaya kusa da sitata inda ido ba ya kaiwa. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Kuɗin da muka yi ciniki a kai shi kuka karɓa, duk da aikin ya ninka abin da aka zata. Duk abin da kuka cire, har guntayen tsohuwar waya mai rawaya da ratsin baƙi, kun ɗaure shi a leda da takardar inda ya fito kuka ba ni.

Ina roƙonka, Maigida, ka ci gaba da sa yaran nan naɗin amacha ko da ba kullum ake kawo irin aikin ba. Ga duk mai tsohuwar Austin ko Morris ko Bedford a ajiye, ya kai ta wajen masu irin wannan hannu kafin a yanke mata waya. Bayan salla, in Allah ya yarda, zan dawo da ita a duba madubin fitilun gaba da suka dushe.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'a albarka, ya ƙara lafiya da kasuwa.

Naku,
Jikan mai Ford, daga Zariya.