Wa ke yi wa kamfanoninmu kuɗi in an zo saye ko haɗewa?

Assalamu alaikum Edita, barkanku da aiki. Dan Allah ku ba ni fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake yi wa kamfani kuɗi in za a sayar da shi ko a haɗe shi da wani, don gaskiya mu ƴan Arewa a nan ake yawan barinmu a baya.

Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana ƙaramin kamfanin matsar man gyaɗa a nan Zariya, injina uku, da kwastomomi tun daga kasuwar Sabon Gari har Giwa da Funtuwa. Da aka zo rabon gado sai aka ce a sayar kowa ya ɗauki nasa. Mai sayen ya zo da akantansa suka zaga wajen, ina tsaye ya ƙwanƙwasa injin da makullin mota ya ce wannan ai sai ƴan gwangwan. Suka nemi littafin ciniki, wallahi abin da muka iya fitowa da shi wani tsohon littafin makaranta ne da Baba ke rubutu a ciki, wani wajen boko wani wajen ajami, kuɗin cefane da na sayen gyaɗa duk a shafi ɗaya. Ya taya kuɗin fili da na ƙarfe, muka ɗan ja, muka sallama. Ba dole ya yi mana ba, amma har yau yana sayar wa mutanen Baba mai da ƙuli, wannan amanar da aka yi shekara ashirin ana ginawa ko kwabo ba ta shiga lissafi ba.

Sai daga baya ƙanina da ya karanta akanta a jami'ar ABU da ke Kongo ya zaunar da ni ya ce Yaya, abin da aka yi muku shi ne an ƙirga kadara an cire bashi, kuma wannan lissafin kamfanin da ya mutu ake yi wa. Kamfani mai rai ribar da zai riƙa kawowa shekaru masu zuwa ake dubawa, sai a rage mata daraja a dawo da ita kuɗin yau, tunda naira miliyan ɗaya ta baɗi ba ɗaya take da ta bana ba, in kuɗi na kawo ribar kashi 25 cikin ɗari a shekara, miliyan ɗayar baɗi daidai take da dubu 800 a hannunka yau, ga hauhawar farashi da ta haura kashi 30 a 2024. Ana kuma kwatantawa da nawa aka sayar da irinsa, kamar dai yadda dillali ke yi da gidan maƙwabta. To amma duk wannan sai da takardun da odita ya duba, mu kuwa babu.

Manyan ma haka abin yake. A 2004 Soludo, gwamnan Babban Bankin Nijeriya (CBN) na lokacin, ya ce kowane banki sai ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25, Bank of the North ya shige cikin bankuna tara da suka zama Unity Bank. Dattawa nawa ne a Zariya da Kano ke da takardar hannun jari a ƙasan akwati, a cikinsu mutum nawa suka fahimci da wane ma'auni aka musanya musu? Da Access ya haɗe da Diamond a 2019 an ba masu hannun jarin Diamond naira ɗaya a kan kowane hannun jari, da sabbi 2 na Access a madadin kowane 7 nasu, ka ga duk cinikin yana cikin wannan 2 da 7 ɗin. Kuma ana iya cewa albarka fa, a 2023 uwar kamfanin PZ Cussons ta Ingila, wanda mu nan har unguwa muke kira da sunansa, ta taya hannun jarin ƙananan masu jari na reshenta na Nijeriya naira 21 kowane ɗaya ta ƙara zuwa 23, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ba ta amince ba cinikin ya watse.

Ga shi a Maris 2024 CBN ya sake ɗaga jarin bankuna, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, 200 ga na ƙasa, 50 ga na shiyya, da wa'adi zuwa 31 ga Maris 2026. Roƙona Edita, duk lokacin da aka sanar da wata haɗewa ku nemo malamin akanta ko daga ABU ne ya warware mana takardar yarjejeniyar da Hausa, nawa aka yi wa kowane ɓangare, wa ya yi ƙiyasin, wa ya biya shi, kuma ku buga ranar taron masu hannun jari da wuri, tunda sai an samu kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa kafin ta wuce.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya